Ni da gurmi: amsoshin tambayoyin da kuke yawan yi mani kan koyon kiɗa tun yarinta

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara zama da yaran unguwarmu nan Yamai duk ranar asabar bayan la'asar muna taɓa gurmi, ɗan abin kiɗan nan na ƙwarya mai tsarkiya, da kalangu, tambayoyi ba su ƙarewa, wasu a fada wajen shan shayi, wasu iyaye ne ke tare ni bakin shago, wasu ta waya. Shi ne na ce bari in zauna in amsa su gaba ɗaya. Ni haihuwar Tawa ne, can na girma, neman abinci ya kawo ni Yamai, kuma ɗinki ne sana'ata ba kiɗa ba.

Da mi ka fara, kuma kana shekara nawa?

Da gwangwani, kamar kowane yaro na zamaninmu. Ina wajen shekara bakwai, lokacin tashe cikin azumi. Sai mu samo babban gwangwanin tumatir ko na madara mu huda gindin, mu jiƙa takardar buhun siminti mu ninka ta biyu mu shimfiɗa a baki, mu ɗaure da robar tayar keke, mu aje a rana. In ta bushe sai ta ɗame tamau, in ka buga da kara wallahi sai ka ji kamar ganga ta gaske. Kwana biyu ko uku take yi ta yage, mu sake wata. Da ita muke bin gida gida bayan an sha ruwa ana ba mu hatsi ko dala ɗaya dala biyu.

Daga nan na koma mai tsarkiya, don muna jin Dan Maraya Jos a rediyo kuma manya suka ce mana kuntigin nasa tsarkiya ɗaya ce tal. Na samo gwangwanin sardin, na soka sanda, na ja igiyar kamun kifi, na sa ɗan guntun kara ya zama jaki, wato abin da ke ɗaga igiyar sama. Sautinsa siriri ne amma ranar da na gane cewa in na danne igiyar da yatsa sautin yana hawa in na saki yana sauka, ranar ban ci tuwon dare da hankalina ba. Kuma kar wani ya raina irin wanga farawa, Mdou Moctar da duniya ta sani yanzu, ɗan jaharmu ne ta Tawa, gitar ɗinsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke.

Gidanku gidan makaɗa ne?

A'a ko kusa. Kuma nan ne wahalar take. Ku da kuka tashi yanzu ba lalle ku gane ba, amma a da kiɗa gado ne, kuma kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, garaya ta mafarauta, gangar noma ta manoma ranar gayya, tambari da kakaki da algaita sai ƙofar sarki. Wanda ke kaɗawa ya gada daga ubansa, kuma ana kiransa maroƙi, ana jin daɗin kiɗansa ana yi mashi kari amma in ya zo neman aure gidan da ba su gaji abin ba sai a fara kame-kame. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, ɗan kasuwa ne mai karatu, ranar da ya ga kuntigina maganarsa guda ce, ba mu gaji roƙo ba. Bai buge ni ba, ya dai karɓe ya tahi da shi.

Na sake haɗa wani na ɓoye ƙarƙashin gadon Inna bayan kwanonin jerenta. Ta gani sarai, sai ta ce "kai dai in Babanka ya gani babu ruwana", amma kullum in ta yi shara sai ta maida shi inda yake ta rufe da faifai. Wanda ya raba gardamar Kawuna ne, ƙanen Inna, shi ya je ya zauna da Baba har aka yi sharaɗi uku: ba fashin makarantar allo, ba fashin lakwal, kuma ba zan taɓa tsayawa gaban mutum in wasa shi don ya ba ni kuɗi ba. Har yau ina kan na ukun nan, shekara kusan arba'in, ban taɓa karɓar ko dala a kan kiɗa ba. Ba don ina ganin masu karɓa sun yi laifi ba, sana'arsu ce kuma gadonsu ne, ni dai alkawali na ɗauka.

To wa ya koya maka?

Wani tsoho ne mai gurmi da ke zama ƙarƙashin wata rumfa ta bayan masu saida ƙwarya ranar kasuwar lahadi, sauran ranaku kuma yana ƙofar gidansa. Kawu ya kai ni ya ce "Baba ga ɗanka, kunnensa na wajen abin ga". Tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce in zauna. Na zauna. Jama'a wata huɗu cur ban taɓa tsarkiya ba. Aikina in sayo mashi goro, in ɗebo ruwa, in riƙe gurmin cikin jakarsa in za mu tahi wani wuri, in safiya ta yi sanyi in kai shi rana ko in kara shi nesa da garwashi har fatar ta ɗame, kuma shi zai ƙwanƙwasa da farce ya ce bai yi ba ƙara, ko ya ce ya isa. Abin da ban sani ba lokacin shi ne karatun ke nan an riga an fara. Kafin wata huɗun nan su cika ina iya jin fatar da ta saki tun daga zaure.

Wani lokaci sai ya kaɗa wani take ya tsaya a tsakiya ya ce "ƙarasa da baki". In na ƙarasa daidai ba ya cewa komi, goronsa kawai zai ɓantara. In na kauce sai ya sake daga farko, ko sau goma ne. Maganar da ya fi maimaita mani ita ce kunne ke kiɗa, hannu ɗan aike ne.

Ranar da ya miƙo mani kuwa ba zan manta ba, bayan sallar magariba ce cikin hunturu, yatsuna duk sun yi kaushi sun tsage. Ya zaunar da ni gabansa, bayana na jingine da gwiwarsa, ya ɗora ƙwaryar a cikina, ya kama ɗan alina na hagu da hannunsa mai warin goro da taba ya danna shi kan tsarkiya, ya ce "nan, ba can ba, nan". Tsakanin nan da can ɗin bai kai faɗin ƙwayar hatsi biyu ba. Sai ya ce in kaɗa. Abin da ya ba ni mamaki ba sautin ba ne, a cikina na ji shi, ƙwaryar tana rawa a jikin haƙarƙarina kamar wani abu mai rai. Sauti uku kawai ya ba ni daren nan, kuma su na yi ta maimaitawa har aka yi girbin wata shekara kafin ya ƙara mani.

Mi ne bambancin gurmi da molo da garaya da kuntigi? Mu duk ɗaya muke ganinsu

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Gurmi rabin ƙwarya ce ƙarama da aka rufe da fata, da doguwar sanda, tsarkiya biyu, wasu na sa uku. Molo jikinsa icce ne da aka sassaƙa dogo kamar ƙaramin kwami, tsarkiya uku, nan Yamai kun fi jinsa wajen Zabarmawa masu ba da tarihin mazan jiya. Garaya tsarkiya biyu, ta mafarauta ce kuma ƴan bori ma na amfani da ita. Kuntigi shi ne autansu, tsarkiya ɗaya. Duka da yatsa ko ɗan abin kaɗawa ake taɓa su, ba a goga su kamar goge. A da gashin wutsiyar doki ake murɗawa a yi tsarkiya, yanzu kusan kowa igiyar kamun kifi yake sawa don ta fi ƙarko kuma ko'ina akwai ta.

Cikin duka wanne ka fi so, kuma don mi?

Gurmi, babu ko tantama. Na taɓa kalangu na iya daidai gwargwado, na taɓa gitar, amma in an ce in ɗauki ɗaya a ƙone sauran to gurmi zan ɗauka. Dalili, ganga tana kiran taro ne, ko ba ka so sai unguwa ta san kana kiɗa, shi kuwa gurmi muryarsa ƙasa take, bai fi ƙarfin maganar mutum ba, kana iya kaɗa shi tsakar gida bayan isha'i jariri na barci a ɗaki bai farka ba, kuma in mutum na waƙa gurmi ba ya take shi sai dai ya bi bayansa kamar aboki.

Akwai kuma abin da ya ɗaure ni da shi. Kun san mu Adarawa da tahiya, da an gama girbi gari sai ya zama na mata da tsofaffi da yara, maza duk sun yi Abijan ko Lagos ko Libiya neman kuɗi. Daren da wana zai tahi Abijan karo na farko, ina ɗan shekara goma sha uku, an ɗaure kaya an gama addu'a kowa ya yi jugum babu mai iya magana, sai ya ce "ƙane ɗauko abin nan naka". Na kaɗa ɗan abin da na iya, bai fi take biyu ba, ina ta juya su. Inna na bakin murhu ta juya mana baya tana share ido da gefen zane. Baba yana cikin ɗakinsa, ƙofa buɗe, kuma bai ce a bari ba. Wan nawa shekara shida ya yi kafin ya dawo, kuma da ya dawo tun bai aje jaka ba ya tambaye ni ko ina nan ina yi. Tun daga daren nan in na ɗauki gurmi tsakar gidanmu nake gani.

Wai da gaske ne kalangu na magana?

Ƙwarai kuwa, kuma ba tsafi ba ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ku faɗi kuka na hawaye sannan ku faɗi kuka ta miya, baƙaƙen ɗaya ne amma muryar ta bambanta. To kalangu kangonsa siriri ne a tsakiya, fata biyu, tsarkiyoyi sun haɗa su, in ka matse a hammata fatar ta ɗame sauti ya hau, in ka saki ya sauka. Da haka makaɗi ke bin hawa da saukar magana da tsawonta. Amma fa ba kowace hira yake yi ba, take da kirari ne da mutane suka riga suka sani, shi ya sa baƙo zai ji kiɗa kawai, ɗan gari kuwa ya ji an kira sunan kakansa. Wanda ke son ganin aikin wanga abu ya je filin kokowa. Mu ƴan Tawa muna alfahari da cewa a garinmu aka fara kokowar ƙasa ta takobi a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama filin ya ga yadda ɗan kokowa ke zaune lafiya lau, da an taɓa takensa sai tsikar jikinsa ta tashi ya miƙe yana kirari.

Ga yaro mai koyo, wahalar kalangu ba a hannun makaɗi take ba, a hammata take. Sati na farko har kumburi wurin ke yi.

Goge fa?

Shi ne na biyu a raina kuma shi ne ya gagare ni. Tsarkiya ɗaya ce ta izga, abin gogawar ma izga, ana shafa masu ƙaro don su kama juna, kuma babu wata alama da za ta nuna maka inda za ka sa yatsa. Na gwada wata shida na bari, don yana son mutum ya ba shi rayuwarsa duka. In na ji gwanin goge har yau tsayawa nake cak.

Ɗiyata ke so, mata na yin kiɗa kuwa?

Haba, ai su suka fara koya mana ba mu sani ba. Luguden daka mi ne in ba kiɗa ba? Ga shantu da ƴan mata ke bugawa a cinya lokacin biki, ga kiɗan ƙwarya da ake kifawa cikin ruwa a buga. Wajen Buzaye kuwa tende turmi ne da aka rufe da fatar akuya kuma mata ke buga shi, imzad ma gogensu mata ke kaɗawa, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Kuma ga ƙungiyar kiɗa ta ƴan matan Illighadad, ƙauye ne cikin jaharmu wajen Abalak, ɗaya daga cikinsu Fatou Seidi Ghali da gitar ɗin wanta ta koya da kanta, sun zagaya Turai da Amurka. Cikin yaran da ke zuwa wajena ranar asabar uku mata ne, ɗaya ɗiyata ce ta cikina, kuma gaskiya kunnenta ya fi nawa lokacin da nake kamarta. Abin da nake roƙon iyaye kawai su san wajen wanda take koyo, a fili, da rana, uwa ko yaya na kusa.

Ba haramun ba ne?

Wagga tambaya ta malamai ce kuma sun yi magana a kai, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa bisa sharaɗi, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni abin da nake yi shi ne, da an kira salla an aje, ba na zuwa inda ake shaye-shaye, ba na raka waƙar batsa ko ta zagin wani. Kuma yaron da ubansa bai yarda ba ba na karɓarsa a ɓoye, ni da kaina nake zuwa in gaida uban mu yi magana kamar yadda Kawu ya yi mani, in ya ce a'a to a'a ce.

Yarona gitar yake so ko piyano, in hana shi sai ya fara da na gargajiya?

Kar ka hana. Duk abin da ya ja kunnensa bar shi ya shiga ta nan. Mu ma lokacin ƙungiyoyin samariya zamanin shugaba Kunce mun ga orkes da gitar muka yi ta sha'awa, kuma gasar Dan Gurmu da aka sa ma sunan mawaƙinmu na Tawa ta fito da makaɗan zamani da yawa. Nan Yamai akwai CFPM Taya, cibiyar koyon kiɗa da ke nan tun wajajen 1990, kuma suna da ɗakin da aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar ga, ya kamata kowane uba ya kai ɗiyansa ko sau ɗaya su gani da idonsu.

Abin da ke damuna dai shi ne yanzu biki mutum ɗaya ne da piyano ya danna maɓalli kalangu ya fito, ganga ta fito, har goge, yaro ya tashi yana zaton daga cikin akwati suke fitowa. In ba mai kamawa da hannu to ranar da tsoho ya mutu abin ya bi shi kabari. Ku dubi biram, kayan kiɗan Buduma masunta na tabkin Cadi, mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, saura ƙiris ya ɓace sai da Malam Mamman Barka, wanda shi ma da gurmi aka fara saninsa, ya tashi takanas a 2002 ya je ya zauna wajen tsohon gwanin da ya rage ya koya, sannan ya kai shi duniya. Allah ya yi mashi rasuwa a 2018. Da bai yi waccan tahiyar ba fa?

Shekara nawa ya kamata yaro ya fara, kuma awa nawa a rana?

Ganga ko ƙwarya tun yana shekara biyar ko shida. Mai tsarkiya a bari sai yatsunsa sun yi ƙwari, bakwai zuwa tara. Ba maganar awa ba ce, minti ashirin kullum ya fi yini guda a sati. Yatsu za su yi zafi har su yi ƙulli su fashe, wanga dole ne, bayan sati uku ko huɗu sai kanta ta fito ya daina ji. Kuma don Allah kar a buge yaro don ya kauce, kar a tsaida shi gaban baƙi a ce sai ya yi alhali bai shirya ba, na ga yara biyu da suka aje har abada saboda an yi masu dariya rana ɗaya. Ni ba na yin wata huɗu irin na tsohona, yaran yanzu ba za su jure ba, amma sati biyu na farko baki da tafi kawai muke yi.

Ina zan samu mai kyau, kuma yaya ake adana shi?

Nemi makaɗi ya haɗa ka da mai yi. Waɗanda ake rataye ma baƙi masu yawon buɗe ido da yawansu ado ne kawai, sun sha zane amma ba su da murya. In za ka saya ƙwanƙwasa ƙwaryar ka ji ba ta tsage ba, duba sandar ta miƙe, danna fatar da babban yatsa ka ga ta dawo. Da damina fata na saki, sai a kai rana ko a kara nesa da wuta, nesa na ce, na taɓa ƙona guda don gaggawa. Da hunturu da bazara kuma kar a bar shi cikin rana ko cikin mota, fatar na iya fashewa. A rataye shi sama cikin jaka saboda ɓera da gara.

Tsohon da ya koya maka yana nan? Ina gurminsa?

Ya rasu ina da shekara goma sha tara, lokacin ina koyon ɗinki nan Yamai, ban samu jana'iza ba sai gaisuwa na je. ɗiyansa maza duk suna tahiya babu wanda ya ɗauki kiɗan. Da na tashi komawa sai matarsa ta shiga ɗaki ta fito da jakar ta ce "ɗana, ya ce in ka zo a ba ka". Yana nan rataye cikin shagona saman keken ɗinki. Fata na canza sau uku, tsarkiya kam ban san iyaka ba, amma ƙwaryar da sandar su ne dai na asali, kuma a jikin sandar akwai wani ɗan lotsawa da ya yi baƙi ya yi santsi inda babban yatsansa ke zama. In sabon yaro ya cika sati biyunsa, shi nake saukowa da shi in zaunar da yaron gabana in sa yatsansa a wurin.